Hannun da Baba Yake Riƙe Taba

Goggo Sumie,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya kulle, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa maganar nan ba tare da na zubar wa mahaifina da mutunci ba.

Na haihu watan jiya, namiji, mun sa masa Itsuki. Ƙarshen watan nan za mu kai shi wurin ibada na unguwarmu a sa masa albarka, kamar yadda ake yi wa kowane jariri. Babana zai zo daga ƙauyenmu na bakin teku, can gaba da Hachinohe. Kamata ya yi in yi murna, amma tun ranar da ya bugo waya ya ce ya yanki tikiti gabana yake faɗuwa.

Baba masunci ne, ya haura saba'in, kuma tun kafin a haife ni taba take bakinsa. A ƙauye ba wanda ya damu. Yana tafe daga gida zuwa bakin ruwa, hannun dama a sake a gefe, wutar taba tana lilo tsakanin yatsunsa. Mahaifiyata ce kaɗai take iya fizge ta daga hannunsa ya yi dariya, ita kuwa ta rasu bara.

Zuwansa Tokyo na ƙarshe shi ne lokacin da na haifi 'yata ta fari, Chinatsu. Ya sha doguwar tafiya a jirgin ƙasa ba taba, muna fitowa daga tasha ya kunna, yana tafe yana ba ni labarin kifin bana. Ni ce da laifin rashin gaya masa, na ɗauka ya sani. Sai ga masu sintirin unguwa su biyu. Ba su yi masa tsawa ba, cikin ladabi suka nuna masa alamar hana shan taba a titi da take manne a ƙasa, suka ce akwai tara. Goggo, ban taɓa ganin babana ya sunkuya wa mutum haka ba. Ya murje wutar da yatsunsa, ya jefa guntun a aljihun kwat ɗinsa mai kyau, ga tsarabar busasshen kifi a ɗaya hannun. Jama'a suna wucewa suna kau da kai, wanda ya fi kallon ciwo. A hanya abu ɗaya ya ce mini: "Garin nan ba na irinmu ba ne." Ana gama hidimar sa wa Chinatsu albarka ya koma, bai sake tako Tokyo ba. Kafin ta rasu, kullum sai Mama ta ce wai bayansa ne yake ciwo.

Yanzu Chinatsu ta shekara huɗu, kuma ba ta san tafiya ba sai gudu. Da muka je ƙauye hutun Obon, bikin tunawa da magabata, ta sheƙo ta bayansa za ta kama hannunsa. Tsawonta daidai inda wutar take, daidai idonta. Mijina Tomoharu ne ya sure ta, saura ƙiris. Baba bai ma san an yi ba. Har yau in na rufe ido sai in ga jan wutar nan kusa da fuskarta.

Tomoharu ya ce in Baba ya kunna taba kusa da yaran, shi da bakinsa zai yi masa magana, ko a gaban wa. Ba mugu ba ne, shi ma ya sha ya bari, kin kuwa san wanda ya bari ya fi likita zafi. Ga kuma surukata, haifaffiyar Tokyo. Ita ba ta faɗa, hankici kawai za ta ciro ta ɗora a hanci. Na san babana, gara a zage shi da a yi masa haka.

Ni tunda nake ban taɓa ce wa Baba kada ya yi abu ba. Har na yi tunanin in ce masa an ɗaga ranar, mu yi abinmu a ɓoye, sai kuma in ji kunyar kaina. Ina jiye wa idon 'yata tsoro. Ina kuma tsoron a sake kunyata shi, don in ya hau jirgi a wannan karon da fuskar da ya koma da ita wancan karon, na san ba zai dawo ba, kuma shi kaɗai ya rage mini. Yaya zan yi?

'Yar Masunci, Tokyo

*

'Yar Masunci,

Barka da arziki, Allah ya raya Itsuki. Ki fara cire zancen ɗaga rana daga ranki. Hotuna za su fito, wata ƙanwar baba za ta gani, kuma ciwon da zai ji ya fi na masu sintiri nesa ba kusa ba.

Mijinki yana da gaskiya, ido ba abin wasa ba ne, don irin wannan aka hana tafiya da taba a titi tun farko. Ke ma kina da gaskiya, tsoho ba ya jure gyara a bainar jama'a. Amma ki lura, ba dokar ce ta ƙona wa babanki rai ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa a teku ya san doka: akwai watan da ba a kama kifi kaza, akwai inda ba a kunna ashana a jirgi. Abin da ya yi masa zafi shi ne kowa ya sani ban da shi, kuma a gaban 'yarsa.

Saboda haka ki sanar da shi tun yana gida, a matsayin labari, ba umarni ba. Ki ce dokar ta ƙara tsanani, 'yan birni ma kuka suke yi, amma kin nemo masa wuraren da aka ware. Ki nemo su da gaske: ɗaya kusa da tasha, ɗaya kusa da gidanku. Kada ki tura shi baranda, maƙwabta na shanya a sama, ƙorafi zai biyo baya. Ki saya masa 'yar jakar toka ta aljihu mai kyau, amma ki gaya masa ta zuba toka ce, ba lasisin sha a titi ba.

Tomoharu kuma ki ba shi aiki maimakon wa'azi. Shi zai tarbi surukinsa a bakin jirgi, ya karɓi kaya, ya kai shi ɗakin shan taba kafin komai, ya jira a waje. Wanda ya taɓa sha ya san yadda doguwar tafiya take yi wa mutum, ki tuna masa. Da sun iso gida ki haɗa ruwan wanka, ki ajiye sabuwar riga, kamar yadda ake yi wa kowane matafiyi. Zai ɗauki jikansa ba wari, ba tare da an ce masa komai ba. Surukarki kuwa ki same ta tun da wuri, ki ce wannan ne zuwansa na farko ba matarsa, kina neman taimakonta. Masu hankici sukan yi kirki in aka roƙe su.

Saura ranar kanta. A al'ada kakar wajen uba, wato surukarki, ita ce take rungumar jariri, ke da mijinki kuna gefenta, kowa idonsa a kan Itsuki. Mutum biyu za a bari a baya: tsoho da hannu ba komai, da yarinya mai jin an manta da ita. Kada ki jira ta sheƙo ta bayansa. Tun a bakin ƙofa, kafin ya laluba aljihu, ki kama hannunta ki sa a hannunsa na dama, ki ce, "Baba, motoci sun yi yawa, kuma ba ta jin maganar kowa. Kada ka sake ta." Mutumin da ya saba riƙe igiyar jirgi cikin hadari ba zai saki jikarsa don taba ba. In ma ya duba ƙasa ya ga inda idonta yake, zai gane sauran da kansa.

Ina yi muku fatan hidima lafiya, ya koma gida yana tambayar yaushe zai dawo.

Goggo Sumie