Suwaitar da Ka Tambaya a Asibiti

Zuwa ga mahaifina Malam Garba na Yakasai, wanda Allah ya karɓi ransa bara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗiya ga mahaifinta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Baba, na san wannan takarda ba za ta isa gare ka ba. Na rubuta ta ne a inda jama'a za su gani, domin akwai ƙaryar da na yi maka, na kuma gaji da riƙe ta ni kaɗai.

Maganar suwaitarka ce, ruwan ƙasar nan da Umma ta saƙa maka da zaren ulu tun kafin a haife ni. Da ita kake fita sallar asuba a ƙarƙashin babbar riga, da ita kake zuwa makarantar firamaren da ka koyar, har farin alli ya kama bakin hannunta ya ƙi fita. Bayan rasuwar Umma gwiwar hannun ta huje, ka zauna a soro ka ɗinke da kanka da koren zare, don shi ka samu. Muka yi ta dariya, kai ma kana yi. Ka ce, “Ku bar ni da abata, ta san jikina.”

Yaya Sani ne bai taɓa yin dariyar ba. Tun da ya samu babban aiki a Abuja, duk zuwan da zai yi sai ya ɗaure fuska in ya gan ka a cikinta. Kullum maganarsa ɗaya: “Mutane za su ce ba ma kula da kai.” Ya sayo maka wata baƙar jaket mai tsada. Ka karɓa da hannu biyu, ka sa masa albarka, ka ninke ta a akwati da ledarta.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da kai a asibiti, suwaitar tana jikinka. A kwana na biyu Yaya ya kira ni waje, ya ce abokan aikinsa za su zo dubiya, ba za su tarar da ubansa cikin tsumma ba. Na so in yi musu, ban yi ba. Ni na koma ɗakin, ni na ɗago ka, ni na zare ta daga hannuwanka ɗaya bayan ɗaya, ina ce maka wanki zan kai ta. Ka taimaka min ma, ka sunkuyar da kanka don ta fita da sauƙi. A bakin ƙofa Yaya ya karɓe ta, ya je ya jefa a but ɗin motarsa. Ya sa aka ɗauko jaket ɗin nan daga akwati aka saka maka.

Kwana uku kana tambayata, “Binta, ba ta bushe ba?” Ni kuma ina cewa saura kaɗan. A rana ta uku ka daɗe kana kallona, sannan ka ce, “To, Allah ya yi miki albarka.” Ba ka sake tambaya ba. Ka sani, Baba. Shekara talatin kana gane ƙaryar ɗalibai, ba tawa ce za ta wuce ka ba.

Ranar sadakar uku na sake ganinta. Na fito raka wasu mata, sai ga direban Yaya a bakin lungu yana goge gilashin mota da rabinta. An yage ta biyu, ta yi baƙi da mai, koren ɗinkinka yana nan a jiki. Yaya yana zaune a kan tabarmar makoki da carbi, yana amsa ta'aziyya.

Yanzu hoton da ya ɗauke ka a gadon asibiti shi yake sakawa a shafinsa na sada zumunta duk Juma'a, mutane suna yabon ɗan da ya riƙe ubansa. Kana cikin jaket ɗin nan, hannunta ya rufe yatsunka, idonka yana kallon gefe. Ban taka gidansa ba tun daga lokacin. Gwaggo Hauwa, ƙanwarka, ta zo har gidana a Gwammaja ta yi min faɗa, wai a kan tsohuwar riga zan yanke zumunci. Na yi shiru, don in na buɗe baki sai na faɗi nawa laifin, kuma ya fi nasa nauyi. Shi kunyar mutane ya ji. Ni na san abin da rigar take a wurinka, kuma da ni ka yarda har ka miƙa min ita.

Babana, ka yafe min. Ka ji sanyi a kwanakinka na ƙarshe, ni na jawo maka. Shi kuwa Yaya, ka tarbiyyantar da mu a kan yafiya, ina ƙoƙari, amma ban kai ba tukuna.

Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya tufatar da kai da tufafin Aljanna, ya haɗa ka da Umma a Firdausi. Ya sassauta zuciyata kafin nawa lokacin ya zo. Amin.

Ɗiyarka,
Binta