Wane Allo Zan Saya Kafin In Sake Bin Mijina Daji?

Anti Gunvor,

Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Na san yawanci kan takalma da allunan zamiya a dusar ƙanƙara ake rubuto miki, to ni ma maganar allo ce ta kawo ni. Sai dai ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye, don tun sanyin bara nake riƙe da wannan abu a cikina, ban faɗa wa kowa ba.

Shekaruna talatin da huɗu, ina aiki a kantin magani. 'Yar kudu ce ni, can inda dusar ƙanƙara ke sauka da safe ta narke kafin rana ta take. Aure ne ya kawo ni nan arewa, yankin Jamtland. Mijina, bari in kira shi Torkel ko da yake ba sunansa ke nan ba, ma'aikacin lantarki ne, kuma a garinmu ba mai faɗin aibunsa. Shi ne mai share wa tsofaffin unguwa ƙofar gida idan dusa ta toshe ta. Da mahaifina ya kwanta ciwo, shi ya yi ta tuƙa ni kudu yana dawo da ni, ko tsaki bai taɓa yi ba. Na fara da wannan ne don kada ki ɗauka mugu na aura.

Shi ya koya mini zamiya. A kan hanyoyin da aka daɓe ba ni da matsala, har yabona ake yi. Amma shi wannan wasan yara ne a wurinsa. Abin da yake so shi ne a ƙetare igiyar iyaka a shiga daji bayan an kwana ana zuba sabuwar dusa, a yi ta kurɗawa tsakanin bishiyoyi. Ni kuwa allona siriri ne, na daɓaɓɓiyar hanya. Da na shiga dusa mai laushi sai hancinsa ya nutse, in yi ta jingina baya har cinyata ta ɗauki wuta.

Wata Asabar a watan Fabrairu muka haura bayan dutse mu biyu. Dusa ta kai ƙugu. Kullum shi ke gaba ina bin sawunsa, amma ran nan sai ya ce, "Yau ke za ki ja mu, madam, in ga irin juyin da kika iya." Na yi dariya na wuce. Ban yi nisa ba hancin allon ya nutse, na wuntsila, na faɗa da ka cikin rijiyar gindin wata babbar bishiya. Kin fi ni sanin ramin nan da rassa ke rufewa, wanda daga waje ba a ganinsa. Kaina a ƙasa, ƙafafuna a sama ɗaure a jikin allo, dusar da ke kan rassan kuma ta zubo ta biyo ni. Duk motsin da na yi sai in ƙara nutsewa. Na sa gwiwar hannu na tokare gaban fuskata don in samu wurin numfashi.

Anti, a nan ne abin yake. Ina cikin ramin na ji allo ya zo ya tsaya a samana, shuu ɗin nan da yake yi idan an karkata shi. Sannan na ji gyaran murya. Torkel yana da wani ɗan gyaran murya da yake yi idan sanyi ya shiga maƙogwaronsa, ko a cikin taro nake na san shi. Na kira sunansa, bakina cike da dusa. Shiru. Na sake kira. Can sai na ji allon ya motsa, ƙararsa ta yi ta nisa har ta ɓace.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a ciki ba. Da ƙyar na miƙa hannu na kwance maɗaurin ƙafa ɗaya, na juyo, na kama rassa na ja jikina waje. Safar hannuna ɗaya tana can har yau. Da na fito na duba sama, sai ga sawun allo ya gangaro ya tsaya kusa da bishiyar, ga alamar inda mutum ya zauna a dusa, sannan sawun ya kewaye ya yi ƙasa.

Na same shi a wajen mota yana shan kofi. Ya ce, "Ina kika maƙale? Kofinki har ya huce." Da na faɗa masa sai fuskarsa ta canja, ya rungume ni, ya ce shi ta hagu ya bi, ya ɗauka na riga shi sauka. Na ce to sawun wa na gani? Ya ce dajin ba na ubansa ba ne, kowa na shiga. Mu dai ba mu ga kowa ba ran nan, kuma motarmu kaɗai ce a wurin. Ya ce wanda ya yi tsayuwar ka a rami ba abin da kunnensa ba zai jiye masa ba. Wataƙila gaskiyarsa ne. Ya kuma roƙe ni kada in gaya wa yayata Majken, wai za ta mai da allura garma.

Na yi ƙoƙarin mantawa, bazara ta zo ta wuce lafiya. Sai a kakar nan, abokansa sun zo cin tuwon dankali da naman daji a gidanmu, ana hirar duwatsu, na ji ya ce wanda bai taɓa fid da kansa daga rijiya ba bai san daji ba tukuna. Ya ba su labarin yadda mahaifinsa ya taɓa barinsa a kan dutse yana ƙarami, ya ce ya nemo hanyar gida da kansa. Aka yi ta dariya. Bai kalle ni ba. Ni kuwa sai na ajiye cokalina.

Yanzu sanyi ya dawo. Ya ce laifin allona ne, zai saya mini sabo. Ya kuma shirya mana tafiya a sabuwar shekara, bukkar marigayi kawunsa da ke bayan tafki, mu biyu kawai. Waya ba ta kamawa a can, kuma dajin ya fi na bara duhu da cunkoso. Allon da ya zaɓa mini dogo ne mai tauri irin nasa, ya kusa kai mini goshi, wai tsawo ne ke hana nutsewa. Na biya wani shago ni kaɗai, matar da ke wurin ta nuna mini gajere mai faɗi, mai ɗagaggen hanci, ta ce shi ya fi juyawa a tsakanin bishiyoyi. Da na gaya masa sai ya ce ashe yanzu mai shago ta fi mijina sanin ƙafata. Na sayi usur na maƙala a rigar sanyina. Ya gani ya yi dariya, ya ce ko alƙalin wasa na zama. Bayan kwana biyu na duba rigar babu usur. Ya ce bai gani ba.

Ina son mijina, Anti. Wani lokaci in ce ni ce tsoro ya haukata, ina zargin bawan Allah a banza. Wani lokaci kuma ina cikin ba wani magani a kanti sai in ji gyaran muryar nan a kunnena, hannuna ya kama rawa. Shi ya sa nake ganin in na samu allon da ba zai nutse da ni ba, wanda zan iya juya shi da sauri, ba zan sake faɗawa ba, maganar ma ba za ta taso ba. Wanne zan ɗauka, dogon ko gajeren?

Taki,
Mai Safar Hannu Ɗaya

*

Ƙanwata,

Bari in fara sallamar tambayar da kika yi, sannan mu zo kan wadda ba ki yi ba.

Mai shago ta gaya miki daidai. A cikin bishiyoyi juyi ake bukata, da sauri kuma a ƙaramin wuri. Ki nemi gajere mai faɗi, wanda hancinsa ya fi wutsiyarsa faɗi kuma ya ɗaga sama, a ja miki maɗauran ƙafa baya kaɗan. Faɗin ne zai riƙe ki a saman dusa, wutsiyar ta nutse da kanta, cinyarki ta huta. Kada ya yi tauri, matsakaici ya ishe ki, kuma a zaɓa shi da nauyinki, ba da tsayin wani ba. Ki yi hayar irinsa ki gwada a bishiyoyin gefen hanya, inda mutane ke wucewa, kafin ki saya. Dogon allo mai tauri na buɗaɗɗen fili ne da gudu, da mutum mai nauyi. Ba zan ce Torkel ya zaɓa shi da mugun nufi ba, don maza da yawa da suka koyi zamiya a zamanin da, da zuciya ɗaya suke ganin tsawo ne maganin komai. Amma a ƙafarki, a daji mai cunkoso, jirgi ne za a ba ki a ce ki tuƙa shi a kwalbati.

To, ki saurare ni da kyau. Na yi shekaru ina aikin ceto a kan dutse kafin gwiwoyina su sallame ni. Na tono mutane daga irin ramin nan, ƙwararru da 'yan koyo, a kan alluna masu tsada da masu araha. Ba duka na tono da rai ba. Babu allon da aka taɓa ƙerawa wanda ke hana faɗawa rijiya. Abin da ke fid da mutum shi ne abokin tafiyar da idonsa ke kansa, wanda zai zo ya tona. Ke kin fito da kanki, kuma ki sani sa'a ce babba, ba kowa ke samunta ba.

Ban san abin da ya faru a saman ramin nan ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar na sani ba. Gaskiya ne dusa tana rikita sauti, gaskiya ne mutum a firgice yana iya jin abin da babu. Mu ɗauka maganarsa ce daidai, ta hagu ya bi. To mutumin da ya san daji kamarsa ya sa matarsa 'yar koyo a gaba, ya ɗauke ido daga kanta, ya isa mota bai gan ta ba, sai ya buɗe kofi? Wanda ya rasa abokinsa a daji baya yake komawa, yana kira, yana neman agaji. Wannan ita ce fassara mafi sauƙi a kansa, kuma ko ita ta isa ta hana ki binsa. Idan kuwa ya tsaya, ya ji ki, ya bar ki don ki koyi darasi irin wanda aka koya masa, ina tausayin yaron da aka bari a kan dutse, amma da ranki aka yi wannan karatu. Kuma sawu ba a kunne kika ji shi ba, da idonki kika gani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abubuwan da suka biyo baya. Mutumin da ya kusa rasa matarsa shi ne zai sayo mata usur, har da shebur da igiya. Shi ne zai ce a gayyato mutane. Naki ya ce ki rufe bakinki, ya ji haushi don kin tambayi wata, sannan ya zaɓi wurin da waya ba ta kamawa. Kowanne shi kaɗai ana iya nema masa uzuri. A haɗe, ba na son kamanninsu.

Saboda haka kada ki je bukkar nan. Ba da dogon allo ba, ba da gajere ba. Ba sai kin tabbatar da laifinsa kafin ki ƙi ba, kuma ba wanda ke binki dogon bayani. Ki kira Majken yau, ki faɗa mata komai kamar yadda kika faɗa mini, har da gyaran muryar. In ta ɗaga hankali, abin ya kai a ɗaga. Bayan ta sani, sai ki gaya masa ba za ki je ba, da rana, a wurin da akwai mutane kusa, kuma ki faɗa masa dalili sau ɗaya ba tare da gardama ba. Daga nan ki zuba ido. Idan ya girgiza, ya nemi ya ji yadda kika ji a ramin, ya yarda ku ga mai ba ma'aurata shawara, to akwai abin gyarawa, kuma alherin da kika lissafa masa zai yi muku amfani. Idan kuwa ya mai da ke mahaukaciya, ko ya shiga matsa miki, ko kika ji tsoron komawa gida tare da shi, kada ki tsaya jiran hujja. Ki tafi wurin yayarki, ki kira layin taimakon mata, sun saba jin labarin da ba a ga tabo a jiki ba. Rawar hannun nan ma ki kai ta wurin likita, jikinki bai gama fitowa daga ramin ba.

Allon kuwa ki saya da kanki, wanda ƙafarki ta zaɓa. In kina son daji don kanki, akwai ƙungiyoyin da ke fita da jagora, kowa na ganin ɗan'uwansa, ana tsayawa ana jiran na baya. In kuma kika gano ba ki taɓa son dajin ba, daɓaɓɓiyar hanya ba abin kunya ba ce, ni ma yanzu a kanta nake.

Tsoronki ba hauka ba ne, ki daina ba shi haƙuri. Allah ya tsare ki, ya sanyaya miki zuciya, ya sa ki ga bazara lafiya.

Gunvor