Rasuwar Alhaji Illa Tankari da Garkuwar da Ya Bari a Lambu

Wa a cikinku, ku da kuka cika sahun jana'iza ranar Talata kuna share ido da hannun riga, zai iya kawo sunan mutum ɗaya cikin waɗanda suka koya wa mamacin abin da ya fi ƙauna a duniya?

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Reshen Matasa na Ƙungiyar Fataken Sahel Mazauna Guangzhou ya samu labarin rasuwar babanmu, dattijon arziki, wakilin fataken Maradi a wannan gari, Alhaji Illa Tankari, wanda Allah Ya karɓi ransa a ɗakinsa na haya bayan gajeriyar jinya, babu ɗa babu jika a kusa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Muna miƙa ta'aziyyarmu ga 'yarsa tilo, Hajiya Maijidda da ke Maradi, da jikokinsa, da dukkan zuriyar gidan Tankari.

Uwar ƙungiya ta riga ta fitar da tata sanarwar, inda ta ce marigayin mai amana ne, mai haƙuri, mai riƙon zumunci. Duk gaskiya ne. Baƙon da ya sauka don baje kolin Pazhou ko gaisuwar "nihaw" bai iya ba, Alhaji ne ke kai shi kasuwar Shisanhang, ya tsaya masa ciniki da lawban, wato mai shago, ya bi masa kwantena har tashar jiragen ruwa ta Nansha, sama da shekara ashirin ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Amma akwai abin da aka cire, kuma da gangan aka cire shi. Da muka tambaya, sai aka ce mana, "Ku bar zancen sandar nan, kada ku zubar masa da girma." To, ba za mu bari ba. Girman da sai an yanke rabin mutum kafin ya tsaya, wane irin girma ne?

Alhaji Illa magajin wasan takobi da garkuwa ne na gidansu, wasan da, a faɗarsa, kakanninsa suka kawo daga zamanin da fita gona ma sai da makami. Ba a koya wa mutum ɗaya. Biyu ake ba, ɗaya ya sara, ɗaya ya kare, su musanya, su girma tare su tsufa tare. Shi ya sa ko sunayen magabata bibbiyu ake kiransu kafin a ɗaga hannu: Jatau da Na'Allah, waɗanda suka soma, Barmo da Ɗan Ladi, Barmo da Inna Dela, ƙanwarsa, wadda ta ɗauki garkuwa lokacin da Nasara suka kwashe mazan garin zuwa aikin dole, Ɗan Ladi bai dawo ba, Tankari da Arzika, sannan Illa da Moussa. Mun bi abin da hannunmu ya kai gare shi na littattafan tarihin Gobir da Katsina, ba mu ga ko ɗaya cikin sunayen nan ba. A bakinsa kaɗai suke.

Moussa ɗan kawunsa ne, ya rasu a gida shekarar da Alhaji ya zo Sin. Takobin asali yana can rataye a ɗakin Hajiya Maijidda, don ba a hawa jirgi da shi. Saboda haka kullum bayan sallar asuba Alhaji kan sauka lambun da ke ƙarƙashin gadar sama a bayan unguwarmu, da guntun gora tsawon hannu, ya kira sunaye, ya kai sara, ya dakata daidai lokacin da abokin wasa zai kare, ya ja da baya don saran da ba zai zo ba. Shekaru yana wasan mutum biyu shi kaɗai. Ya roƙe mu, manya da yara. Yakan ce, "Ku taho in gwada muku, ko mutum biyu ne, ba na son ko sisinku." Amsar da yake samu ɗaya ce, ana dariya: "Alhaji, lokaci meyo," wato babu lokaci, da Sinancin kasuwa. Akwai wanda ya ɗauki bidiyonsa a waya ya tura zauren hirar ƙungiya, ya rubuta a ƙasa wai sanyin Sin ya taɓa tsoho. Ya san kansa, kuma yana sahun gaba ranar Talata.

Wadda ta amsa masa ba tamu ba ce. Wata tsohuwa ce 'yar Sin mai suna Liang, da kowa ke kira Ayi, wato inna, cikin masu motsa jiki da safe a lambun. Ta daɗe tana kallonsa, sai wata rana ta zo da murfin kwandon gora da suke turara abinci, ta tsaya a gabansa, ta ɗaga shi daidai inda sandarsa ke tsayawa a iska. Ba ta jin Hausa, shi kuma Sinancinsa bai wuce na ciniki ba. A haka ya koya mata kariya kaf, tun daga ta ka har ta gwiwa, ta haddace sunayen da kunne. Wata safiya aka ji ya rufe jerin da "Illa da Ayi". Abin da wasunku suka faɗa a kan wannan, ba za mu ƙazantar da takardar ta'aziyya da shi ba.

Ranar sutura ta tsaya daga wajen maƙabarta har aka watse, ba wanda ya ce mata sannu. Har yau tana zuwa lambun. Takan kira sunayen da harshenta da ba ya iya lanƙwasa su, ta ɗaga murfin, ta kare saran da ba ya zuwa. Wanda bai yarda ba, ya tashi da wuri ya je ya gani.

Mun same ta da tafinta. Ta ce garkuwa na jikinta, takobi na idonta, domin ta san inda kowane sara ke sauka. Ta ce kayanmu ne, mu zo mu karɓa. Amma ta haura saba'in, kuma Alhaji ya iya tsayar da sanda kafin ta taɓa ƙashi, ɗan koyo bai iya ba. Don haka biyu take so, ta tsaya gefe tana gyara musu. Ɗanta kuma zai ɗauke ta zuwa garin da yake aiki idan sabuwar shekararsu ta zo. Daga ranar, Jatau da Na'Allah sun tafi ke nan. Mai sa hannu a wannan takarda ya ba da sunansa. Saura ɗaya. Mun zagaya shago shago, sai muka ji sabuwar hujja: wai namiji ba ya koyon faɗa wurin mace. A je a gaya wa Inna Dela.

Muna roƙon Allah Ya gafarta wa Alhaji Illa, Ya yalwata kabarinsa, Ya ɗebe masa kewar da muka kasa ɗebe masa, Ya haɗa shi da Moussa a Aljanna Firdausi. Hajiya Maijidda, Allah Ya ba ki haƙuri da juriya. Kada ki sauke takobin nan daga bango tukuna.

Muna kira ga Mai Girma Shugaban uwar ƙungiya da majalisar dattawansa da su miƙe ranar Juma'a bayan an idar da salla, a gaban jama'a, ba a kunnen wani ba, su faɗi ɗayan biyu: ko sunan wanda zai riƙe garkuwa, ko kuma su furta da bakinsu cewa cikin ɗaruruwan Hausawan garin nan mutum na biyu meyo, mu je mu gaya wa Ayi ta daina jira.

Abdulrasheed Shitu Ghali
Kakakin Reshen Matasa,
Ƙungiyar Fataken Sahel Mazauna Guangzhou