Inna Ta Tsayar da Daka Saboda Jirgina

Yaya Sani,

Salamu alaikum. Ya aiki, ya Fatakwal? Ya maiɗakinka da yara? Mu nan Kibiya lafiya lau.

Ina nan ina wasan jirgin ƙarƙashin teku a kwamfutarka, kuma in aka nutsar da kai shi ke nan, ba maimaici. Shekaranjiya jirgin abokan gaba ya tsaya a kaina yana saurare. Na kashe inji, na manta wasa ne, na ce kowa a gida ya yi shiru. Inna ta riƙe taɓarya har suka wuce. Na tsira, tuwo ya makara.

Baba ya ce in yaƙin ya sake taɓa tuwonsa, da kansa zai nuna musu inda nake.

Sa ni a addu'a. Gai da yara.

Ƙaninka,
Habibu