Filin Kobalt na Alhaji Abdulfatah

Lubumbashi, Kongo
Mayu 2007

Yaya Sharafaddeen,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya Ummusalma da yara? Ni lafiya lau, tarin ma ya yi sauƙi.

Na ji Alhaji Abdulfatah yana Jos yana tara masu zuba jari a neman kobalt, ƙarfen batirin waya, har za ka sayar da rumfarmu ta kasuwar Katako. Yaya, dakata. Wata bakwai ina gadin filinsa, ban ga an haƙa komai ba. Duwatsun da yake nuna muku, ni ya aika na sayo a kasuwa. Da na tambaye shi dalili, ya ce, "Kai dai yi gadinka."

Kada ka ambaci sunana. Fasfona yana hannunsa.

Allah ya tsare mu.

Ƙaninka,
Shu'aibu