Itacen Jego da Tanderun Injiniya

Ƙafin Maiyaki,
Ranar Talata.

Zuwa ga maiɗakina Ramla,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya nauyin jiki? Ya ƙafar da kika ce tana kumbura? Ki gaishe min da Baba Malam da Inna da Gwaggo Asibi, gaisuwar girmamawa. Mu nan lafiya lau, sai ɗakinki da ya yi min faɗi tunda kika tafi goyon ciki.

Tunda kin ce ba kya iya ɗaga wayata a gaban su Inna, kuma sabis ɗin Burumburum sai an hau kan turmi ake samunsa, na ga gara in koma biro. Kamilu mai acaɓa zai riƙa miƙo miki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya.

Itacen wankan jegonki yana nan a bayan gida, na rufe shi da tsohon kwanon rufi. Ƙiryar nan da ta bushe a gonata na gama faskara ta, na haɗa da marke. Amalanke biyu ne cif, zai kai ki kwana arba'in safe da yamma har a yi kyauta. Mai mota ya ce a bari ruwa ya ɗauke, hanyarku ta tsane, sai ya kawo. Ki faɗa wa Gwaggo Asibi, tunda ita za ta yi miki wankan, ta kwantar da hankalinta, ba zan ba ta kunya ba.

Sai labarin gida. Yaya Abdulmalik ya sake wani sabon ciwo. Kin tuna ramin kifinsa da yanzu sauro ke kiwo a ciki? Kin tuna kejin kajin da ya zama ɗakin ajiye buhu? To yanzu burodi ne. Ya ga wani Bature a waya yana gina tanderun jan bulo a bayan gidansa, shi ke nan ya zama gwani. Babanmu ya ba shi filin da ke kusa da itacenki. Abokansa na majalisa suna ce masa Injiniya, shi kuma yana amsawa ba ko kunya.

Abin da ya fara yi shi ne allon suna. Babu tanderu, babu fulawa, babu ko bulo ɗaya, amma allo yana jingine a zaure da hoton burodi yana tururi. Ni da na yi shekara biyar ina hura wuta a gidan burodi a Zariya, har gashin hannuna ya daina fitowa, bai tambaye ni komai ba.

Ki riƙa ɗan zagayawa, kada ki yi ta zama. Ki huta lafiya.

Naki,
Uzairu.

*

Ƙafin Maiyaki,
Ranar Lahadi.

Ramla,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku. Na ji daɗi da ƙafar ta saɓe. A gaida mutan gida baki ɗaya.

Kin ce in ba Yaya shawara don zumunci. Na ba shi, Allah ya gani. Ranar da aka sauke jan bulo na same shi shi kaɗai, na faɗa masa ba a haɗa bulon tanderu da siminti, wuta tana cinye shi. Jar ƙasar suri ake nema, a kwaɓa ta da ƙaiƙayi, a bar ta mako guda ta ruɓe. A ƙarƙashin daɓen a zuba yashi da fasassun kwalabe da gishiri, su ne suke riƙe zafi. Ya saurare ni yana murmushi irin wanda ake yi wa yaro ya kawo labarin aljanu. Ya ce wai wannan aikin gargajiya ne, shi na zamani zai yi, kuma gishiri a miya ake sa shi. Ya juyo min da wayarsa in ga Baturen. Na duba da kyau. Abin da ke cikin bokitin Baturen ba siminti ba ne, ko launinsa ya isa ya gaya maka. Amma Yaya ba ya kallon bokiti, hular Baturen yake kallo. Har ya sayi irinta.

Maginin da ya ɗauko mutumin kirki ne, ɗakuna yake ginawa. Ya ce bai taɓa gina tanderu ba, Yaya ya ce ai shi zai nuna masa. Ki ga makaho yana yi wa mai ido jagora. Sun tara yashi sun yi masa siffar ƙwarya a kife, sun jera bulo a kai, wannan kam daidai ne. Sai suka yi ƙofa mai tsayi kamar ta masallaci, suka huda hanyar hayaƙi a tsakar ka, inda duk zafin zai bi ya gudu. Jiya aka shafe shi da siminti sumul, yau ana yi masa fentin mai, shuɗi. Yaya yana tsaye da farar shadda yana nuni da makullin babur, ko ɗigon laka bai taɓa shi ba.

Duk wannan ba damuwata ba ce, kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take tsada. Abin da ya tsaya min shi ne, sau biyu ina ganinsa yana ɗaga kwanon da na rufe itacenki. Shekaranjiya ya ce wai in ara masa na ranar buɗewa. Na ce itacen jego ne, ba a aronsa, don wuta ba ta mayar da abin da aka ba ta. Ya ce wai har yanzu mata suna wannan wankan? Shi da Innarmu ta yi masa arba'in cur da ruwan zafi, ga shi nan ya girma har yana da bakin tambaya.

Na sake zuwa wurin mai mota, ya ce ruwan daren Alhamis ya ɓata mashigin nan naku, sai wani makon. Ki taya ni addu'a.

Mijinki,
Uzairu.

*

Ƙafin Maiyaki,
Ranar Asabar.

Ramla,

Ina gaishe ki, ina gaida su Baba Malam. Allah ya sa kina cikin ƙoshin lafiya, ya sauke ki lafiya. Wannan takardar ki karanta ta ke kaɗai.

Itacenki ya tafi, fiye da rabi. Gara ki ji daga gare ni.

Yaya ya kai maganar wurin Baba. Ya ce ya gayyaci mutane ranar Juma'a, masu itacen kasuwa ɗanye ne da su, ƙaninsa kuma ya hana shi busasshe. Baba ya kira ni ya ce in bar shi ya ɗiba, ɗan'uwa ya fi itace. Kin san ban taɓa mayar wa Baba magana ba. Abu ɗaya na roƙa. Na ce sabon tanderu jariri ne, ba a fara shi da tuwo. Ƙaramar wuta ake sa masa, kamar ta dafa shayi, kwana bakwai, har danshin cikinsa ya fita a hankali. Yaya ya ce baƙinsa ba za su jira kwana bakwai ba. Baba ya kalli Yaya mai takardar difloma, ya kalle ni, ya ce a yi yadda mai abu yake so.

Jiya bayan an sauko daga masallaci aka jera kujerun haya. An zo da mai ɗaukar hoto. Yaya ya yi jawabi a kan matasa da dogaro da kai, yana tsaye a kan itacen da wani ya faskara. Daga nan aka fara cusa ƙirya. Ramla, ƙiryar da guda biyu suke tafasa tukunyar wanka, ita ake turawa runguma-runguma kamar karan dawa. Da ta ƙi kamawa da sauri ya watsa mata kananzir. Ina zaune a kan turmi ina kallo, ina tuna kowane guda da inda gatarina ya same shi.

Da farko fentin ne ya fara kumbura yana wari, baƙi suka ja kujeru baya. Sai gumi ya fara tsattsafowa daga jikin ginin. Yaya ya ce alamar ƙarfi ce, a ƙara itace. Duk abin da aka sa kuwa, zafin ta saman yake ficewa. Na tashi na janye mutanen da suke kusa, don na san abin da ke tafe. Ba a jima ba muka ji ƙara kamar an fasa tulu. Tsaga ta taso daga bakin ƙofa har tsakar ka, ta biyu ta bi ta, sai kan ya zauna a cikin wutar gaba ɗaya. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Kwaɓaɓɓiyar fulawa tana cikin baho tana jira, ko ƙofar ba ta gani ba. Da yamma Innarmu ta soya ta fanke, shi aka raba wa maƙwabta. Fanken ya yi daɗi.

Ka zaci mutum zai sunkuyar da kai. Ina. Kafin magariba ya gano masu laifi: magini, mai sayar da bulo, da kuma bakin mutane. Ya ce da ma ƙasar nan ba ta son mai ilimi.

Ni dai ban yi dariya ba, don abin da ya rage ba zai wuce kwana goma sha bakwai ba a murhun duwatsu uku. Busasshe kuma babu shi a kasuwa yanzu. Da wane ido zan kalli Gwaggo Asibi, bayan na aika mata da cika baki? Kada ki faɗa mata tukuna. Ki ba ni kwana biyu in yi tunani.

Naki har kullum,
Uzairu.

*

Ƙafin Maiyaki,
Ranar Laraba.

Ramla,

Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah ya raya, ya sa mai albarka ce. Tunda Kamilu ya kawo labari bakina ya ƙi rufuwa, sai in na ga Baba nake gyara fuska. Ya jikin naki? Sannu, sannu.

Gobe da hantsi mota za ta iso. Za ki ga itace kaɗan da bulo da yawa, kada gabanki ya faɗi. Na tambayi Yaya abin da zai yi da tarkacen, ya ce in kwashe masa su daga gani, shi yanzu hankalinsa yana kan kiwon zuma. Na zauna da guduma na ɓanɓare simintin, bai ma yi gardama ba, wuta ta riga ta mayar da shi gari. Bulon kuwa lafiyarsa ƙalau. Ba shi da laifi tun farko, hannun da ya faɗa ne.

Ga abin da na gani. Murhun duwatsu uku rabin wutarsa iska yake dafawa. Zan gina wa tukunyar wankanki murhu rufaffe, ta zauna a ciki har wuya, ƙofa ƙarama, hayaƙi ta baya. Ƙasar suri tana cikin buhu, mako guda ke nan da na kwaɓa ta. Ki roƙar min Baba Malam wuri a bayan ɗakin Gwaggo. Kwanakin da zai ɗauka yana shan ƙaramar wuta, a yi ta amfani da duwatsun, na ware itacen wannan daban.

In Gwaggo ta yi faɗa, ta yi. Tana da gaskiya.

Uzairu.

*

Ƙafin Maiyaki,
Ranar Litinin.

Zuwa ga Ramla, uwar Mubaraka,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da 'yar baƙuwa. Barka da gama wanka. A gaida Baba Malam da Inna, a yi min godiya ta musamman wurin Gwaggo Asibi.

Saƙonta ya same ni. Ita da ta tsaya a kaina ranar nan tana cewa an kawo mata itacen dafa kunu da tarkacen gini, ita ce ta aiko Kamilu ya ce min an cika arba'in safe da yamma, ruwa bai taɓa yin sanyi ba, kuma guda huɗu sun yi saura. Ya ce wai ta hana kowa ɗora tukunya a murhun sai da izininta. Na yi kwana arba'in ban ci abinci ya zauna min ba sai ranar.

Labari ya iso nan. Yaya yana gaya wa 'yan majalisa cewa murhun Burumburum tsarinsa ne, ni leburanci na yi. Na bar masa. Kudan zuman ma na bar masa, sun riga sun gaisa da shi sau biyu, idonsa ɗaya bai buɗe ba tukuna. Hular Baturen tana rataye a zaure kusa da allon.

Jiya da safe ina ɗaure akuya Baba ya zo ya tsaya a inda tanderun ya rushe. Ya daɗe yana tura sauran bulon da sandarsa. Bai kalle ni ba, ya tambaya wai kwana nawa ƙasar suri take yi kafin ta ruɓe. Na ce bakwai. Ya ce to, filin ba na kowa ba ne yanzu. Ya juya ya shiga gida. Kin san Baba, wannan ita ce doguwar maganarsa.

Ƙaramin tanderu zan gina, daidai gurasarki da kike cewa kina so ki riƙa yi. Ba allo, ba fenti, ba kujerun haya.

Ranar Alhamis zan turo mota ta ɗauko ku. Ki roƙi Gwaggo ta ba ki guda huɗun nan, ki sa su a cikin kayanki, kada ki bari a manta. Da su zan sa masa wutar farko, 'yar ƙarama.

Ki shafa min kan Mubaraka. Allah ya kawo ku lafiya.

Ni ne mijinki,
Uzairu Jibrin.