Fim ɗin Burtali

Jega, 9 ga Fabrairu, 1992

Zuwa ga Innar Mufida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Mufida da ɗalibanki na Sakkwato. Ni ma lafiya lau, sai kewa.

Kin tambayi ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo. Ta watse. Tun da aka ba mu jiha, kowa ya nufi Birnin Kebbi neman aiki, har Sanusi da muka kafa ta tare. Saura ni da kyamarar bidiyo.

Duk da haka na fara fim ɗin burtali, hanyar shanun da gonakin albasa suka cinye, wadda a kanta aka zubar da jini bara. Manoman Danwarai sun ƙi magana. Wani tsohon makiyayi na wajen Maiyama, Baffa Giɗaɗo, shi kaɗai ya yarda. Kwana ukku muna tafiya, yana nuna mini inda shanu ke bi tun yana ƙarami. Bai zagi kowa ba. Rabona da doguwar hira da mutum irin wagga, tun tafiyarki.

Ki gaida Inna.

Mijinki,
Nuraddeen

Jega, 20 ga Afrilu, 1992

Innar Mufida,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin Mufida ya sauka.

Na nuna fim ɗin a Aliero, garin manoman albasa. Da fuskar Baffa ta bayyana sai mutane suka dinga tashi, wani ya ce fitina nake nema. Ni kaɗai na kai ƙarshensa, da kujerun haya.

Baffa bai gani ba. Allah Ya yi masa rasuwa makon jiya.

Jiya na ɗaura talabijin da janareto a babur na tafi rugarsu, don matarsa, Goggo Adama, tana takaba. Na kunna mata a bukka. Ba ta yi kuka ba. Ta matso har ta kusa taɓa gilashin, ta sa na maimaita sau ukku. Da zan tafi ta ce shekara arba'in suna tare, kunya ba ta taɓa barinta ta kalle shi sosai ba sai yau. Da na faɗa mata abin da ya faru a Aliero, ta ce in koma in sake nunawa, ko mutum biyu ne su ji shi.

Zan koma ranar kasuwa. Na dawo gida na rasa wa zan faɗa wa, shi ya sa na ɗauko biro.

Allah Ya haɗa fuskokinmu.

Naki,
Nuraddeen